Gayyar Tsatsa a Maglak ɗin Alhaji Haliru

Kwanakin baya wani saurayi cikin masu gyaran raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, na bakin tasha ya tsaya a kaina ina fama da wani wilin keke, ya ce, "Ammu," wato baffa, "har yanzu kana wagga wahala? Yar da shi mana, ka sawo sabo." Na ce masa to, na ji. Su aikinsu a kwance tsoho a ɗaura sabo, in abin ya gagara a buga waya birnin Madani a aiko da wani. Gani suke sana'armu ba ta wuce faci da bugun iska ba. To ku matso, masu ganin abin da sauƙi, in gaya muku yadda ake ƙwato ƙarfe daga bakin tsatsa, da kuma inda muke samun abin ƙwato shi.

Ni mai gyaran keke ne, ajalati kamar yadda ake ce mana a nan Jazira. Na koyi aikin a hannun Usta Namadi, a wata rumfar kara da ke jingine da bangon maglak ɗin Alhaji Haliru, a ƙauyenmu da ke kudu da Madani, tsakanin kogi da babbar tur'a mai kai ruwa gonakin auduga. Maglak shi ne kantin kayan ƙarfe da na gini, kuma a duk ƙauyukan da ke kewaye da mu babu wani sai nasa. A lokacin keke shi ne ƙafar kowa. Manomi da shi yake zuwa gona, mai madara da shi yake zaga gari, malamin makaranta ma nasa yana jingine a gindin darbejiya. Baƙar lakar ƙasar nan kuwa ba ta ƙaunar ƙarfe. Damina ɗaya ta isa ta mayar da sabon wili ja wur.

Usta Namadi mutum ne mai ƙarancin magana da yawan harara. Shekarata ta farko a wurinsa ko sifana bai bari na taɓa ba. Yashi da tsumma kawai yake miƙo mini, in zauna ina gurzar tsatsa har fatar yatsuna ta saɓule. Kuma gurza ba ta da tausayi, tana tafiya da tsatsa tana tafiya da ƙyallin ƙarfen gaba ɗaya, bayan mako biyu mai keke ya dawo yana zagi.

Wata ƙofa ce ta fitar da mu daga wannan azaba. Jibo kafinta ya yi wa wani ango ƙofa da katakon bagaruwa, ruwan sama ya doke ta, sai kowace ƙusa ta zubo da baƙin zane kamar tawada. Bagaruwa haka take, ba ta shiri da jiƙaƙƙen ƙarfe. Jibo ya je wurin Alhaji yana ƙorafi, Alhaji ya ƙulla masa wani farin abu a takarda, kamar gishiri a ido, wanda masu aikin katako na birni ke wanke tabo da shi. Gishirin katako muke ce masa, ban san sunansa na boko ba har yau. Jibo ya jiƙa ya shafa, katako ya yi fes. Usta Namadi yana wucewa ya tsaya, amma shi ba katakon yake kallo ba. Kawunan ƙusoshin ya gani sun yi fari tas. Ya je ya sayo cikin tafin hannu, ya jiƙa a tsohuwar jarka, ya jefa wata sarƙar keke da muka riga muka fid da rai da ita. Washegari sarƙar nan ta fito tana lanƙwasa kamar ba ita ba.

Kada ku ɗauka jefawa ne kawai a ɗauko. Da ruwa mai ɗumi ake jiƙa shi, a roba ko a tukunyar ƙasa, ba a kwanon ƙarfe ba. Sai an fara wanke maiƙo, don ba ya ratsa mai. In ƙarfe ya kwana a ciki ruwan yakan koma ɗorawa-ɗorawa, wani gari kuma ya kwanta a jikinsa, a goge da burushi. Sannan a ɗauraye da ruwan kanwa don a kashe kaifinsa, a shanya a rana, a shafa mai tun ƙarfen yana da zafi. Ba ya son ƙarfe mai farin shafe irin na kwanon rufi, yana dusar da shi. Dafi ne kuma, in kana da ƙaramin yanka a hannu shi zai fara gaya maka. Saboda kamarsa da sukari Alhaji ba ya ajiye buhunsa a ƙasa, sai ya rataye shi can a azarar rufi, inda yaro ko akuya ba za su kai ba.

Shi kansa maglak ɗin ɗaki ɗaya ne mai duhu, amma babu abin da ba ya ciki. Katakai ne jere daga ƙasa har rufi, a kansu gwangwanayen madara da na tumatir, kowanne da irin abin da ke cikinsa: ƙusa, noti, ƙusa mai murɗi, sakata, kwaɗo, boris ɗin keke, ƙugiyar kamun kifi. Alhaji Haliru yana da yanar ido tun ina yaro, da ƙyar yake bambance mutum da inuwarsa. Sai ka miƙa masa karyayyen abinka, ya murza shi tsakanin yatsu biyu, ya juya ya miƙa hannu cikin duhu, ya zaro ɗan'uwansa. Ko ƙusa ɗaya kake so zai sayar maka, har ya naɗe ta a takarda. Amma sai ya tambaye ka, "Mi za ka yi da ita?" In ya ji ba ita ce maganin matsalarka ba, ba zai ba ka ba ko za ka yi kuka. Na ga ya kori mutum da kuɗinsa a hannu, ya ce masa ya je ya tsaga kara ya cusa a ramin, tsohuwar ƙusar za ta kama.

Mummunar shekararmu ita ce shekarar da tur'a ta ɓalle. An yi ta ruwa kamar da bakin ƙwarya, gaɓar da ke wajenmu ta kasa, ruwa da laka suka shigo kasuwa har ƙirjin babba. Bangon baya na maglak ɗin na ƙasa ne, ya zauna, katakai suka kife da duk abin da ke kansu. Kowa yana ta kansa da na iyalinsa, ba wanda ya waiwayi kanti sai da ƙasa ta fara tsagewa. Da muka buɗe ƙofa, abin da Alhaji ya shekara talatin yana jerawa ya zama tudu ɗaya, ja da baƙi. Ƙusa da noti sun manne sun dunƙule kamar curin dawo.

Ɗansa Sirajo, wanda ke tuƙa motar haya a Madani, ya zo ya duba. Ba mugun yaro ba ne, tausayin tsohon yake ji. Ya ce, "Baba, halas, abin ya ƙare. Na yi magana da mai kurda, shina zuwa ran kasuwa ta sama. Shi auna shi kwashe, kai ko ka zamna gida ka huta." Mai kurda shi ne mai sayen tsofaffin ƙarafa da awo. Alhaji yana zaune a kan gadon igiya a ƙofar kanti. Can ya juyo wajen da ya ji tarin maigidana, ya ce, "Namadi, ƙarhen ga ya mutu?"

Usta Namadi ya ɗauki curi ɗaya ya buga da guduma, ya duba cikinsa. Ya ce, "Bai mutu ba, Alhaji. Suma yay yi." Sannan ya ɗaga kai sama. Buhun gishirin katako yana nan rataye a azara, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba.

Sirajo ya ce in mun tashe shi kafin mai kurda ya iso, ya janye maganarsa, in kuwa ba mu iya ba kada wanda ya sake sa wa tsohon rai. Muka ce mun yarda. Mun san abin da ke gabanmu: in kantin nan ya tafi, ƙusa ɗaya sai mutum ya hau lori ya yini a hanyar Madani.

Bayan sallar Juma'a liman ya yi shelar gayya. Mutane suka yi ta dariya, don an san gayyar noma, an san gayyar yaɓen ɗaki, amma ba a taɓa jin gayyar tsatsa ba. Duk da haka gari ya fito, saboda babu gidan da ba ƙusar Alhaji ke riƙe da ƙofarsa ba. Mata suka ba da tsofaffin randuna, aka yanka jarkoki, aka jera su a filin kasuwa. Masu ƙarfi suna fasa curi, wasu suna wanke laka, ni da maigidana muna awon gishiri muna jiƙawa. Muka cika randunan muka rufe su da tabarmi aka kwana.

Da hantsi muka kwashe kashin farko. Ku zo ku ga murna! Ƙusoshi sun fito fari sol, har wani yana ɗaga sakata sama yana kabbara. Aka ɗauraye aka baza a kan tabarmi. Daidai nan tirorin fatur suka iso daga gidaje, karin kumallon nan namu na hantsi da ba a yi masa gardama. Kun san halinmu, ba a barin mutum yana aiki ana ci, kuma ba a cewa kai ci ni ina zuwa. Usta Namadi ya buɗe baki zai yi magana, wani dattijo ya kama hannunsa ya ja shi inuwa. Muka ci, aka kawo shayi, aka kawo gahawa, hira ta yi daɗi. Da muka dawo, tabarmin nan duk sun koma ja kamar an barbaɗa barkono. Ƙarfen da aka tuɓe wa tsatsa aka bar shi a jiƙe ba mai, kafin ka gama kofin shayi ya fara komawa gidan jiya.

Wuri ya yi tsit. Alhaji da ba ya gani ya ji shirun, ya ce, "Mi ya hwaru?" Gishirin da muka ɓata ba mu da inda za mu samo madadinsa, ga ranar kasuwa tana matsowa. Sai maigidana ya yi maganar da ta fi kowace tsawo da na taɓa ji daga bakinsa. Ya ce, "Daga yau fatur kashi biyu na. Rabi su ci, rabi su shahwa mai. Wanda bai iya cin abinci ɗan'uwanai na tsaye, shi tahi gida." Dattawa suka yi ta gunaguni, wani ya ce tun da kakanninmu suka baro ƙasar Sakkwato ba a taɓa wannan rashin kunya ba. Amma haka aka yi. Har yau ina tuna yadda masu ci ke juya mana baya don nauyi, suna hadiya da sauri kamar masu sata.

Da aka gama wanki sai wata matsalar ta fito, wadda ba mu yi tunaninta ba. Ƙarfe ya dawo, amma a cakuɗe yake. Maglak kuwa ba tarin ƙarfe ba ne, sanin inda kowane abu yake shi ne maglak. Mu maza muka zauna tsinta, muka yini ba mu cika gwangwani biyar ba, rabinsu ma Alhaji ya sa hannu ya ce mun haɗa ɗa da ubansa. Inna Kulu, mai markaɗa gyaɗa ta kai kasuwa, ta zo karɓar tirenta ta tsaya tana kallonmu. Ta ce, "Haba, haka kuka tsintar abu? Ku tashi nan." Ta aika aka kira mata ƙawayenta, suka zo da fayafayi da rariya iri-iri. Matan da suka ƙare rayuwarsu suna raba riɗi da tsakuwa, noti ne zai gagare su? Rariya ta raba manya da ƙanana, faifai ya tara masu nauyi gefe ɗaya, sauran kuma yatsu. Kowane gwangwani ya cika sai a kai wa Alhaji, ya tsoma hannu ya juya, ya ce, "Tamam, ya yi," ya faɗi katakon da za a ɗora shi.

Ba duka aka ceto ba. Kwaɗuna da yawa sun tafi, don abin da ke cikinsu ya ruɓe. Siminti ya zama dutse, garin fenti ya bi ruwa. Amma ranar da mai kurda ya iso da sikelinsa, ya tarar an tayar da bango, gwangwanaye suna jere, Alhaji yana naɗe wa wata tsohuwa ƙusa biyu a takarda. Sirajo ya sayar masa da matattun kwaɗunan kawai, ya ba shi haƙuri. Randunan kuwa Alhaji ya sa aka farfasa su a gabansa aka binne, don kada wata rana wani ya manta ya zuba ruwan sha. Ban taɓa jin daɗin aiki irin na wannan mako ba, kuma ban sake ji ba.

Kantin ya ƙara shekaru masu yawa bayan haka. Abin da ruwa ya kasa yi, kwalta ce ta yi shi sannu a hankali. Da aka shimfiɗa hanya, Madani ta matso kusa. Raksha ta shigo, samari suka ajiye kekuna. Kaya suka fara zuwa a ƙulle cikin leda, masu araha, waɗanda in sun lalace ba a gyarawa. Mutum ya je birni ya sayo ledar ƙusa guda, ya yi amfani da uku, sauran su yi tsatsa a taga. Usta Namadi ya rasu, na gaji rumfar da laƙabin Usta. Jibo ya koma haɗa ƙofofin ƙarfe, ba ruwansa da bagaruwa. Da buhun gishirin nan ya ƙare, dillalin da ke kawo shi ya daina zuwa. Na taɓa tambaya a wani babban kanti a Madani, yaron kantin ya dube ni, ya nuna mini shagon masu kayan miya. Maglak ɗin garin Kamlin da muke jin labarinsa ma an ce ya koma wurin sayar da katin waya.

Alhaji bai fasa buɗewa ba ko rana ɗaya, ko da mutum biyu ne za su shigo. Da Allah ya karɓi abinsa, bayan sadakar arba'in Sirajo ya zo wurina. Ya ce, "Usta, ko za ka riƙe shi?" Na ce ba zan iya ba, kuma gaskiya na faɗa, rumfata ma da ƙyar take ciyar da ni. Ya ce to in ɗebi abin da nake so. Na ɗebi boris da notin keke, abin da ya shafi aikina kawai. Sauran mai kurda ya zo. Ina zaune a rumfa ina jin ƙarar yadda yake juye gwangwanaye ɗaya bayan ɗaya cikin buhu guda. Raina ya ɓaci ƙwarai, na tashi na tafi bakin kogi har motarsa ta bar gari.

Bayan kamar shekara guda Inna Kulu ta zo rumfata, ta tsufa tana dogara sanda, jikarta tana ɗauke da injin markaɗenta na hannu. Tsohon inji ne mai nauyi, tun na uwar mijinta, da shi ta ciyar da gidanta. Notin da ke riƙe da bakinsa ne ya cinye, wani noti mai kunnuwa biyu. Na gwada duk abin da ke gwangwanina, babu wanda ya hau, haƙoransa irin na da ne. Na sa shi a aljihu na hau mota zuwa Madani, na bi kantuna layi-layi. Duk inda na miƙa sai a juya shi a ce babu, a nuna mini sabon inji a kwali. Irin injin nan na san shi, wata uku yake yi a hannun mai sana'a. Na kai wa mai walda, ya ce ƙarfen ba ya ɗaukar wuta. Na dawo hannu rabbana.

Da ta zo karɓa na gaya mata. Ta karɓi notin ta murza shi a yatsunta, ta ce, "Wanga? Ai na san shi. Ni nat tsince su da hannuna ran gayya. Gwangwanin tumatir na, katako na ƙasa, kusa ga ƙohwa."

Na ce, "Haka ne, Inna. Mai kurda ya tafi da shi."

Ta juya tana kallon tsohon kantin, inda yanzu wani yaro ke cajin wayoyi. Sannan ta ce, "Cike da faifaina suke, ɗan nan. Har na ɗauki guda na ce wanga kamar na injina, in ɗaure shi ga bakin zane. Sai na ce a'a, kayan Alhaji na. Ran da nika so, in zo in saya, kanti na nan."

Ta sa notin a cikin injin, ta ce wa jikarta ta ɗauka su tafi. Daga wannan rana ba a sake ganin tiren gyaɗar Inna Kulu a kasuwa ba.